Yashin da Ya Jiƙe a Gaba Uku

Wana ya mutu a cikin rijiya, ni ke riƙe da igiya. Yashi ya rufta mishi da hantsi, ranar wata Talata, a bazarar shekarar da aka fara jefa ƙuri'a da jam'iyyu barkatai. Mutanen garinmu suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma akwai maganar da ke cikin bakina tun kwana tara kafin ranar, ban fito da ita ba.

Garinmu yana bakin gulbi, a ƙasar Gidan Rumji, Cadakori muke cin kasuwa. Gulbin daga kudu yake fitowa, can ƙetaren iyaka, ya biyo ta Maraɗi, ya wuce ta gabanmu ya yi yamma. Wata uku ko huɗu yake ruwa. Sauran shekara farin yashi ne, jakai na birgima a ciki. In damina ta kama a kudu, ko ba a yi ɗigo a wurinmu ba, sai ya zo. Ya cika, ya fasa baki, ya kwanta a fadama kwana da kwanaki, in ya janye ya bar baƙar laka. A kan lakar nan ubanmu ya noma taba da dawa da tumatir, da ita ya ciyar da mu.

Sana'ar gidanmu ginin rijiya. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko, wana ma bai yi ba. Tun muna samari aka raba mana aiki: shi a ƙasa da dagi da ƙwarya, ni a sama da igiya da kwando. Rijiyar fadama ba irin ta tudu ba ce da ake zuba wa siminti. Yashi ne, ba ya tsayawa da kansa. In aka haƙa gaba guda, wato tsawon hannu biyu a buɗe, sai a saƙa rassan geza a kewaye bango, a cusa ciyawa a bayansu, sannan a ci gaba. Wanda ke ƙasa ba ya ganin komai sai abin da ke bakin dagi. Na sama shi ne idonsa. Duk kwandon da ya hau, kafin ka zubar sai ka tsoma hannu, ka murza, ka sansana. In yashi ya sake launi ko ya sake nauyi, ka faɗa. In ka ce “fito”, na ƙasa ya ajiye dagi ya kama igiya, ba ya tambayar dalili sai ƙafarsa ta taka sama. A nan ne za ka gaya mishi abin da ka gani. Shi ya sa ba a ba bare igiya. Ubanmu bai taɓa sauka ba sai ƙanensa na bakin rami. Wana ma bai taɓa sauka ba sai ina nan.

A ƙarshen mulkin soja aka yi shekaru marasa albarka, gero bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Na tafi ci-rani ƙetare kamar kowa. A wata tasha na ji ana neman leburori, za a tare wani kogi a yi wa wani birni ruwan sha. Na hau bayan tifa da mutane wajen talatin. Aka sauke mu a wani kwari mai faɗi, an riga an kafa turaku masu jan fenti tun daga wannan tudu har wancan. A cikin kwarin akwai ƙauyuka. Mun tarar ana tashinsu, mata na ɗauke da tukwane a ka, maza na kwance jinka suna ɗorawa a amalanke. Wani tsoho ya ƙi barin kukar ƙofar gidansa har sai da katafila ta tsaya a gabansa rabin yini.

Su mutanen can suna cewa dam, mu a nan baraji muke ji a rediyo. Ni madatsa nake cewa. Tudun ƙasa ne muka yi da hannunmu da injina, tsawonsa ya fi daga garinmu zuwa maƙabarta sau da yawa. Tifa ta zuba, mu baje da shebur, inji ya bi ya danne, a yayyafa ruwa, a sake zubawa. A gefen da ruwa zai kwanta aka shimfiɗa wata baƙar roba mai kauri, muka jera duwatsu a kanta. A tsakiya aka yi gini na kankare da ƙofofin ƙarfe, daga can bututu ya tashi zuwa gidan da ake tace ruwa, daga nan ya nufi birni.

Can suna kiran kogin da wani suna, don haka watan farko ban san kowane kogi nake tarewa ba. Wanda ya gaya mini abokin cin tuwona ne, wani Bakatsine dogo mai karyayyen haƙori, rumfarmu ɗaya. Muna wanke shebur ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya nuna arewa da haɓa, ya ce ai wannan yashin da muke tsaye a kai, in na bi shi da ƙafa har ƙofar gidanmu zai kai ni. Na ce na ji. Washegari na koma aiki. Rani uku na yi a wurin, duk da sanina. Ranar da aka toshe gurbi na ƙarshe aka yanka shanu, na ci nama har na ƙoshi.

Ba ni da abin faɗa a kan mutanen birnin nan. Na gan su kafin madatsa, suna shan ruwan kududdufi tare da dabbobi, kurkunu na fita a ƙafafun yara. Na kuma gan su bayan an ja bututu, mace ta murɗa famfo ruwa ya zubo garau, ta tsaya tana dariya ita kaɗai. Na tara hannu na sha. Ruwa ne mai daɗi.

Da na dawo gida, ni da bakina na ba da labari. Na zo da rediyo da agogon hannu. Na zauna a dandali ina kwatanta musu tsawon tudun, da yadda ruwa ya kwanta a bayansa har ido ba ya ganin gaɓa, da yadda kan kukar tsohon nan kaɗai ya rage a waje. Suka saurara, suka yi ta mamaki. Wani ya tambaya ina ruwan yake zuwa a da. Na ce shugaban leburori ya ce in tafkin ya cika, sauran zai wuce kamar yadda ya saba.

Daminar nan gulbi ya zo a makare, siriri, bai fasa baki ba. Fadama ba ta sha ba. Ta biyu ma haka. Babu laka, babu taba. Rijiyoyin da muke samun ruwa a gaba uku suka koma huɗu, suka koma biyar. Gawo bai damu ba, amma kanya da tsamiyar bakin gulbi suka fara bushewa daga sama. Wasu suka ce fari ne, wasu suka ce madatsa. Ni na san da duka biyun.

Sai aka sa mini suna Injiniya. Yara ma haka suke kirana. Matar wana ta fi kowa, don tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, ba a fushi. In ta dawo daga rijiya da rabin tulu sai ta dire a gabana ta ce, maigida ƙarami, ga abin da ka bar mana, a yi wanka ko a yi tuwo? Nata ba ya yi mini zafi. Na maza ne ke yi.

Ana haka aka yi babban taro a Yamai, aka ce an buɗe bakin kowa. Dimokuraɗiyya ta shigo garinmu a bayan mota mai lasifika. Gida ɗaya tuta biyu, wa da ƙane ba sa cin tuwo tare. Malaman lakol na yajin aiki, buro, wato ofisoshin gwamnati, a rufe wata da watanni, jandarma ma ya rage tsawa. Duk ɗan takarar da ya zo, da gulbi yake farawa, don ya san inda ke mana ciwo. Wani ya ce in an zaɓe su za su je su zauna da na ƙetare a buɗe ƙofa. Wani ya ce har a cikinmu akwai waɗanda suka sayar da gulbi saboda rediyo. Bai san ni ba, wani ya raɗa mishi. Duk dandali ya juyo ya dube ni.

Juma'ar da ta biyo, a ƙofar masallaci, randar alwala ta ƙare. Wani maƙwabcinmu ya ɗaga buta ya ce, “Injiniya, a taimaka a buɗe mana kaɗan mu yi alwala.” Aka yi dariya, har liman ya sunkuyar da kai. Wana ma ya yi dariya. Wannan ce ta ƙone ni. Da muka koma gida na tsaya a zaure na rantse da Allah a gabansa, maganar madatsa ba za ta sake fita daga bakina ba, ko da alheri ko da sharri. Ya ce rantsuwar banza ce, in je in ci tuwo. Na riƙe ta fiye da shekara guda. In aka taɓo zancen sai in tashi.

Da laka ta daina zuwa, wana ya sake shawara. Ya ce tunda ruwa ba ya zuwa sama, a shuka abin da ke bin sa ƙasa. Ya samo dashen mangwaro daga Maraɗi, guda arba'in da 'yan kai, ya jera su a gonar fadamar ubanmu, kowane da kewayen ƙaya saboda awaki. Shi da matarsa suke ba su ruwa da tulu safe da yamma. Duk ƙarfinsa a nan ya zuba. A bazarar da nake magana, bayan an gama zaɓe an yi ƙaramar Salla, rijiyar gonar ta ƙafe. Ganyen dashen ya fara nannaɗewa. Ya ce za mu haƙa sabuwa a cikin gulbi kansa, kusa da gaɓa, inda ruwa ya fi kusa. Kowa haka yake yi lokacin. Gulbi ba ya zuwa da bazara, tun kakanni ba a taɓa gani ba.

Kafin mu fara na kai akuya kasuwar bakin iyaka, don in sayo sabon dagi. A layin maƙera na haɗu da abokina Bakatsine. Ya zama maigadi a madatsa, da hula da sanda. Muka zauna muka sha shayi. Ya ce in ya tuna daidai garinmu a bakin kogin nan yake. Na ce yana nan. Ya ce to, bayan Juma'a mai zuwa za a buɗe ƙofofi, ba kaɗan ba, kwana da yawa, za a rage ruwa a gyara bakin bututu. An yi shela a ƙauyukan da ke kusa da su, amma bai san ko magana ta ƙetare iyaka ba.

Ya ce, “Ka gaya wa mutanenku. Duk mai abu a cikin yashi ya kwashe.”

Na ce zan faɗa.

A mota na yi ta juya maganar. Na ce da kaina, tsakaninmu da madatsa tafiya ce mai nisa, yashi kuma ya shekara da ƙishirwa. Ko ruwan farko na damina ba ya iso mu, yashi ke shanye shi a hanya, sai na biyu ko na uku. Wannan kowane ɗan bakin gulbi ya sani. In na tara mutane na ce ruwa na zuwa da bazara, aka kwashe kaya, aka jira, bai zo ba, me zan zama a garin nan? Ga kuma rantsuwa. Na san azumin kwana uku yana warware ta, malam ya sha faɗa. Ba ita ta hana ni ba. Dariyar ƙofar masallaci ce ban so in sake ji.

Na iso gida na miƙa wa wana dagi. Ya auna shi a hannu, ya ce maƙerin ya iya aiki. Ya tambaye ni labarin kasuwa, na ce awaki sun faɗi.

Juma'a ta zo ta wuce. Asabar na je na tsaya a gaɓa na dubi kudu, babu komai sai yashi da rana. Lahadi muka fara haƙa. Gaba guda ranar farko, muka saƙa geza. Litinin gaba na biyu, muka saƙa. Yashi busasshe, yana zuba ta tsakanin yatsu kamar gari. Kowace safiya kafin wana ya iso nakan taka har kwanar gulbi in duba. Ban ga komai ba. Na ji daɗi, na ce lissafina ya yi daidai. Rijiyoyin maƙwabta a wurin sai gaba biyar suke taɓa danshi, don haka muna da sauran kwana uku.

Talata ya sauka da sassafe. Kwando goma na farko kamar jiya. Na goma sha ɗaya ya yi mini nauyi tun a igiya. Na tsoma hannu, na ji sanyi. Na dunƙula, ya dunƙulu, bai watse ba.

Na san danshin rijiya. A hankali yake zuwa, daga ƙasa, yashi ya fara yin toka-toka, ya zo da warin taɓo. Wannan fari ne tas, ba wari, kuma lokaci guda ya zo. Na leƙa. Bangon da ke wajen kudu ya yi duhu daga ƙasa har wajen ƙugun wana, na arewa yana nan fari. Ruwa ne ke tafiya a kwance ta cikin yashi. Bai zo ta sama inda nake dubawa ba, ta ƙasa ya biyo. Duk wanda ya taɓa riƙe igiya ya san abin da jiƙaƙƙen yashi ke yi in busasshe na bisansa, ba a kuma saƙa mishi geza ba.

Wana ya ɗago kai yana dariya, yashi a gemunsa. Ya ce Allah ya dube mu, danshi a gaba uku. Ya ce ba za mu tsaya saƙa ba yanzu, bari ya ƙara kamu biyu ya ga idon ruwa, dashen nan su sha yau.

Kalma ɗaya ce aikina. Da na faɗe ta, da ya ajiye dagi. Amma in ya hau zai tsaya a gabana ya ce me ka gani, ni kuma in ce ruwan madatsa ne, an gaya mini tun kwana tara, na bar ka ka sauka. Na tsaya da kwando a hannu ina neman hanyar da zai fito ba tare da ya tambaye ni ba.

Daidai nan matarsa ta iso da ƙwaryar fura a ka. Ta ce sannunku da aiki, maigida ƙarami an tsaya ana hutawa, babba na ƙasa yana wahala. Na ga hanya. Na sunkuya bakin rami na ce, “Yaya, ga fura ta zo, hau ka sha.”

Ya ce, “Sha ka rage mini. Sauko da kwando, Injiniya.”

Na sauke mishi kwando.

Na ja ɗaya. Na ja na biyu, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Matar ta ajiye fura ta tafa hannu, ta leƙa tana yi mishi barka. Ina sauke na uku na ji wani ƙara marar ƙarfi, kamar an yar da buhun gero. Bangon kudu ya zame daga ƙasa, gezar sama ta rasa abin da ke riƙe da ita ta bi shi, bakin ramin ya buɗe har inda nake tsaye. Na ja da baya. Igiya ta yi tauri a hannuna. Na ja, ba ta motsa ba.

Ta yi kururuwa, mutane suka zo daga gonaki. Muka haƙa da shebur da ƙwarya da hannu. Duk abin da muka kwashe, wani ya zubo. Kafin azahar ramin ya fara tara ruwa, muna haƙa cikin taɓo. Wani makiyayi ya iso da shanu daga kudu, ya ce abin mamaki, ruwa na kwance a bayan kwanar gulbi ta biyu, tun jiya, yana tafiya kamar ba ya so, yana nitsewa. Ba wanda ya kula da shi. Sai bayan la'asar muka kai ga wana. A tsaye yake, dagi a hannunsa. Ni na share mishi yashi daga fuska.

Aka yi mishi sutura kafin magariba. Kwana biyu bayan haka ruwa ya bayyana a sama, ya wuce ta gaban gari, bai kai gwiwa ba. Yara suka yi ta wasa a ciki. A zaman makoki mutane suka haɗa lissafi, suka ce ruwan madatsa ne ya jiƙa yashi, suka zagi na ƙetare da ba su aiko da magana ba. Ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwa. Ba wanda ya sake ce mini Injiniya daga ranar. Maƙwabcin nan mai buta ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in yi haƙuri, na yi iyakar ƙoƙarina.

Rijiyar gonar da ta ƙafe ta kawo ruwa a makon. Ni na riƙa ba dashen, safe da yamma, har damina ta sauka. Uku kaɗai suka mutu.

Da matar ta fita takaba, baffanmu, wanda ya riƙe wa ubanmu igiya, ya kira ni zaurensa. Ya tsufa, ba ya gani sosai. Ya ce ga 'ya'ya uku, ga gona, ga mace mai hankali, ni kuma tawa matar ta rasu tun kafin in tafi ci-rani. Dangi sun zauna sun ga ya dace in aure ta, gida kar ya watse. An tambaye ta, ba ta ce a'a ba. Kafin in tashi ya riƙe rigata ya tambaye ni yadda yashin yake a kwandon ƙarshe. Na ce da danshi. Ya ce a gaba nawa. Na ce uku. Ya sake ni.

Kwana biyu ban je wurinta ba. A na uku na same ta da hantsi a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa, yaran sun tafi gona. Tun rasuwar ba ta sake yi mini wasa ba, ni ma ban yi mata ba. Na tsuguna nesa kaɗan. Na gaya mata duka, tun daga layin maƙera har kwando na uku. Ban rage ba. Hannunta bai daina ɓara ba har na gama.

Ta ce, “Na san da wani abu. Shekara goma sha biyu ina kawo muku fura bakin rijiya, kai kake fara kai baki, ban taɓa jin ka kira shi ba sai ranar.”

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

Ta ce, “Me ya hana ka ce mishi fito?”

Na ce, “Da ya fito zai tambaye ni dalili.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta tattara ɓawon gyaɗa a faifai. Ta ce kar in gaya wa baffa, labarin zai kashe shi. Kar in gaya wa 'ya'yan muddin tana da rai, ba ta son su tashi da ƙin jininsu. In je in ce wa dangi ita ta ƙi ni, za ta ɗauki wannan. Na roƙe ta gafara. Ta ce nata haƙƙin za ta duba in zuciyarta ta sauka, na mamacin kuwa ba a hannunta yake ba. Abu ɗaya ta nema, kar ta riƙa buɗe ƙofa kowace safiya tana ganina.

Bayan an yi girbi na bar mata gonar da rabona na gero, na ɗauki tabarma da hauya na yi gabas. Dangin uwarmu suna wani ƙauye kusa da Gangara, suka ba ni jigawa. Mutanen garinmu suka ce baƙin ciki ne ya kore ni, wasu suka ce kunyar an ƙi ni. Dangi sun daɗe suna ganin laifinta, ba ta taɓa kare kanta ba. Ita ta yi renon mangwaron da 'ya'yanta. Na ji an ce sun zama manya, motoci na zuwa ɗauka daga Maraɗi. Ban je na gani ba. Madatsa tana nan, birnin na shan ruwansa. An ce yanzu in za a buɗe ƙofa ana faɗa a rediyo.

Ba ta taɓa aiko mini da maganar gafara ba, ko eh ko a'a. Kowace shekara dai, in mangwaro ya nuna, kwali guda yana zuwa ta hannun direba, ba saƙo. Ina raba wa maƙwabta. Bara ta rasu. Na je gaisuwa na kwana ɗaya, ban sauka fadama ba.

Alkawarin da na yi mata ya ƙare da ranta. Babban ɗan wana yana tuƙin taksi a tashar Agiye, ya yi furfura shi ma, Baba yake ce mini. Wata biyu da suka wuce na aika mishi cewa ina da magana a kan ubansa, ya zo shi kaɗai. Ya aiko cewa yana nan tafe in hanya ta yi sauƙi. Bai zo ba tukuna. Ina nan ƙauyen kusa da Gangara, ɗaki guda a bayan gidan ɗan kawuna, ina noma abin da ƙarfina ya kai. Ranar kasuwa nakan fita bakin hanya in zauna inda motocin Agiye ke tsayawa.